Yadda Manyan Tayoyin Lawali Suka Kusa Rufe Mana Gareji

Kullum da la'asar samari na kafa fadar shayi a gindin dogon yaron da ke ƙofar gidanmu, tagar ɗakina kuwa kan titin take, don haka ko ban so ba hirarsu na shigo mini. Talatar da ta wuce ina tsince shinkafa na ji wani yana cewa, "Otomatik ai ba tuƙi ba ne. Ka ja sanda zuwa D, ka taka, ko akuyar gidanku sai ta kai ka Damagaram." Aka kwashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa gyaranta ma ba wani abu ba ne, juye tsohon mai ne a zuba sabo. Ban leƙa ba, ba na cikin maganar maza a titi. Amma mafi yawansu sun yi lakwal, wato boko, suna karatu, shi ya sa na ce bari in rubuta musu abin da na sani.

Ni matar gida ce. Ban taɓa tuƙa mota ba, ban taɓa tsayawa a gareji ba. Duk da haka, shekara ashirin da ɗoriya ke nan, babu akwatin giya na otomatik, wanda nan Matameye muke ce wa buwat, da aka buɗe a garejin maigidana ba tare da cikinsa ya bi ta ɗakina ba. Mutanen gari na kiransa Malam mai buwat. Ni zan ce masa Malam kawai, kamar yadda nake faɗi a gida.

Aikin farko da ya shigo ɗakina na tuna shi kamar jiya. Malam bai daɗe da daina cin rani ba. Rani bakwai ya yi a Kano hannun wani ubangida yana koyon buwat, ya dawo ya kafa rumfa a ƙofar gida. Motar wani ɗan kasuwa ce. Ya buɗe buwat ɗin a rumfa, ya gyara, ya mayar, mota ta yi gaba lafiya, ta ƙi yin baya. Da azahar sai ga shi ya shigo tsakar gida ɗauke da wani faffaɗan ƙarfe kamar faranti, cike da ƴan hanyoyi masu murɗewa kamar gidan gara in an fasa shi. Ya ce wannan ita ce ƙwaƙwalwar buwat, ta cikin hanyoyin nan mai ke bi ya gaya wa mota giyar da za ta shiga, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta rikita ta. Ya dubi ɗakina ya ce, "Duk garin nan ban san inda ya fi nan rashin yashi ba. Ki ara mini ƙasan ɗakinki." Aron nan har yau ba a mayar ba.

Da fari shimfiɗa kawai nake yi masa in koma gefe. Sai wani mai mota ya bar masa tsohon littafin gyara na Faransanci, Malam kuwa allo ya yi, ni ce na kai aji huɗu na koleji. Ina karantawa ina mayar masa da Hausa, yana nuna mini abin da ake nufi da yatsa. Kafin a shekara ya ba ni wanki. Shekara biyu cur wanki kaɗai na yi, bai bar ni na haɗa ko dunƙulen ƙarfe ɗaya ba.

Kayan aikina in kun gan su za ku ce na kicin ne, kuma ba ku yi ƙarya ba. Babban tire na silba da na cire daga jeren kwanukana. Tsofaffin zannuwan gado farare waɗanda wanki ya cinye musu gashi, don sabon ƙyalle ko auduga na barin zare, zaren kuwa ya fi yashi mugunta. Buroshin haƙori. Hantsakin cire ƙaya. Famfon keke na hura iska cikin hanyoyin mai. Kwano na fetur, wanda ba ya shiga ɗaki sai an kashe wutar murhu an buɗe taga. Sai kwalin ƙwai, wanda ya fi duka daraja. A cikin ƙwaƙwalwar akwai ƴan ƙwallayen ƙarfe da ba su fi ƙwayar dawa ba, da ƴan waya masu murɗi, kowanne da gurbinsa, wasu kuma kamarsu ɗaya a ido alhali ba ɗaya ba ne. Ina ɗaga kowanne da hantsaki in sa shi a ramin kwali bisa jerin yadda na same shi. Kafin in fara sai na yayyafa ruwa a ƙofa, na cire takalmi, na ɗaure kai tamau, na yi bisimilla.

Wata rana ƙwallo ɗaya ya kuɓuce mini. Na ji ƙarar faɗuwarsa a tire, ban ji inda ya tsaya ba. Tun bayan azahar nake rarrafe ina shafa ƙasa da tafin hannu, har aka kira la'asar. Da na miƙe zan yi alwala sai ya faɗo daga lanƙwasar zanena. Malam ya karɓe shi ya ɗora a tafin hannunsa ya ce, "Kin ga ɗan nan? In babu shi, motar Alhaji ba ta san tana da baya ba." Tun ranar nake naɗe bakin shimfiɗa ya yi tudu ta ko'ina, kamar yadda ake yi wa shanyar gero.

Abin da na fi Malam a kansa, kuma shi da kansa yana faɗi, hanci ne. Man buwat in yana da lafiya ja ne garau kamar zoɓon da ba a cika masa ganye ba. In ya gaji sai ya koma kalar shayi. In ya ƙone kuwa, ba sai an gani ba, warin ƙanzo yake yi, irin na tukunyar tuwon da aka manta a kan wuta. Duk macen da ta taɓa ƙona tuwo ta san warin nan daga nesa, tun bai yi ƙarfi ba. A cikin buwat akwai ƴan fayafai jere da juna masu fuska kamar takarda, su ke kamawa su saki duk lokacin da giya za ta canja. In mai ya yi zafi fiye da kima, fuskar ta cinye, su yi baƙi su yi santsi, shi ke nan mota sai ta yi ta kuka ba ta tafiya.

Masu kawo aiki ba su san da ni ba, ni ma ta muryarsu na san su, ta bayan katanga. Akwai wanda ya ɗura wa buwat man inji don ya ce ai duk mai mai ne. Akwai wanda motarsa ta mutu a Dungu ya ɗaure ta da igiya aka jawo ta a guje har Matameye, ya iso yana murna ya huta da wahala, bai san jan da aka yi ya ƙarasa abin da ya rage a ciki ba. Akwai mai cewa a yi masa maza-maza yana da tafiya da yamma, Malam ya ce masa wanda ke sauri ya je ya hau babur. In mota ta tashi lafiya sai in ji suna cewa, "Hannun Malam akwai albarka." In ce amin daga ciki, in ci gaba da dakana.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce shekarar da tsofaffin kat-kat, motocin nan masu jan ƙafa huɗu, suka yawaita a hannun ƴan garinmu, ana ɗaukar mutane da buhuna zuwa kasuwannin ƙauye da su. A rani ɗaya motoci biyu da muka gyara suka dawo a ƙone kafin su yi wata uku. Abin da bai taɓa faruwa ba. Na buɗe fayafan na ga sababbi ne, mu muka sa su, sun yi baƙi ƙirin. Ta uku ita ce ta Lawali.

Lawali ɗan gwaggona ne, taubashina, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Ya daɗe yana cin rani a Najeriya har Allah ya hore masa kat-kat, ya dawo gida da ita yana jigila tsakanin Matameye da ƙauyukan Kurni da Tsauni. Mun gyara masa buwat, wata biyu ta ƙone. Muka sake, ta sake. Mota uku, ƙonewa huɗu. A gari kamar namu ba a buƙatar mai shela. Aka fara cewa idon Malam ya mutu. Masu motoci suka fara wuce rumfarmu, suna gaisuwa ta taga ba sa tsayawa.

Yaya Habu, wan Malam, yana cikin ƴan kaɗan da suka san aikin da nake yi. Ya zo da hantsi ya zauna a zaure, na kai masa ruwa na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau. Ina komawa ciki na ji yana ce wa ƙanensa, ba tare da ya rage murya ba, "Ni ban ce ta yi da gangan ba. Amma aikin ƙarfe ba na ɗaki ba ne. Hannun da ke tsakanin tukunya da goyo, yau ya manta wannan gobe ya manta wancan. Ka fitar da aikinka waje kafin sunanka ya ƙare."

Malam ya raka shi ƙofa ya koma rumfa. Da la'asar ya shigo ɗaki, ya hau kujera, ya sauko da tsohuwar jakarsa ta cin rani daga saman kabad, ya kakkaɓe ta, ya aika wa baduku a sa mata sabon hannu. Ya ce mini, "Za mu yi ta Lawali sau ɗaya kuma. In ta sake dawowa na rufe rumfar nan, in koma Kano in nemi wanda zai ɗauke ni." Lokacin ya haura hamsin, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, a zaune yake sallar nafila. Na dama masa fura na miƙa masa.

Wannan buwat ɗin sau uku na wanke kowane ƙarfe nata. Na hura kowace hanya da famfo ina sa kunne. Na jera ƙwallayen, na ƙirga, na buɗe littafi na sake ƙirgawa. Malam ya haɗa, ya ɗaura, ya fita gwaji kamar yadda ya saba, wato kan kwalta hanyar Kance, ya je ya dawo. Ya ce giya na shiga kamar ana zuba man shanu. Haka ya ce a karo na farko da na biyu ma. Jaka ta dawo daga wurin baduku, aka rataye ta bayan ƙofar ɗakina.

Kwana tara da wannan aka aiko mana da rasuwar wata kakarmu a wani ƙauye gaba da Tsauni. Malam ya ba ni izinin zuwa gaisuwa, Lawali kuma shi zai kwashi matan dangi. Ranar ce na fara ganin motar da na wanke cikinta har sau uku. Da na fito na same ta tsaye kamar rumbu. Mu tara ne mata, ga buhun gero biyu da kwanukan abinci a baya. Inna Gambo, ƙanwar kakar tamu, tsohuwa mai baki, ta ɗaga ƙafa ta kasa kai wa matakin, sai da aka tura ta ta baya aka ja ta ta gaba.

"Kai Lawali, mota ka sayo ko raƙumi? Ka ce mata ta durƙusa mana!"

"Inna, tayoyi ne na sa mata manya, daga Kano na ɗauko su. In muka shiga yashi za ki sa mini albarka, kamar agwagwa a kan ruwa haka take tafiya." Ya juyo gare ni. "Ke kuma matar mai buwat, ki zauna a hankali, kada nauyinki ya ƙona mini ita karo na uku."

"Nauyin bakinka ya ishe ta," na ce masa, na hau na zauna bayansa daidai.

Kan kwalta babu abin cewa. Da muka sauka muka kama hanyar yashi, na ciro carbina ina yi wa mamaciya addu'a. Akwai wani dogon tudu a hanyar, ba mai tsayi sosai ba, irin jigawar da ke tashi a hankali ba ta ƙarewa. Lawali ya taka ya ɗauki gudu tun daga ƙasa. Sai na ji muryar inji ta yi ƙasa kamar mai nishi, kujera ta ɗan buge ni a baya, murya ta tashi sama. Jim kaɗan ta sake yin ƙasa. Bugu. Sama. Ƙasa. Na san daga littafi cewa kowane bugu giya ce ta canja, kowane canji kuma fayafan nan ne suka goge juna, amma ban taɓa ji da jikina ba. Allah ya yafe mini, addu'a ta tsaya, yatsana ya koma tura ƙwayar carbi ɗaya a kowane bugu. Da muka kai ƙoli na duba hannuna. Goma sha ɗaya. A tudu ɗaya. Sannan iska ta shigo ta taga da wari, kaɗan ƙwarai, wanda ba wanda ya ji sai ni.

"Lawali, tsaya."

"Tun yanzu? Furar da kika sha ce?"

"Tuwonka ke ƙonewa. Tsaya, ka ja birkin hannu, kada ka kashe inji, ka buɗe mini kapo in leƙa wajen inji."

Ya dube ni ta madubi, ya ga ba wasa a fuskata, ya gangara gindin wani gawo ya tsaya. Na nuna masa siririn ƙarfen awon man buwat, ya zaro shi ya yi saurin canja hannu don zafi. Na tara farin hankicina ya ɗiga. Man yana da sauran ja, amma gefen ɗigon ya fara juyawa, ga ƴan kumfa, warin ƙanzo kuwa har Inna Gambo ta ji daga cikin mota ta ce wa ya bar tukunya a wuta.

Muka zauna a inuwa muna jiran ya huce. Da zan koma ɗaukar butar ruwa sai idona ya faɗa kan wata ƴar takarda manne a jikin ƙofar direba, ta dushe amma tana karantuwa, ɗauke da lambar girman tayar da aka ƙera motar da ita. Na sunkuya na karanta lambar da ke jikin tayar Lawali. Ko kusa ba ɗaya ba ne. A nan abin ya haɗu mini. Ni ina ɗaki, buwat nake gani, ban taɓa ganin ƙafar da take juyawa ba. Malam yana ganin tayoyin, amma kowa na sa su a lokacin, kuma shi a Kano ya koyi aiki, inda mota ke tafiya kan kwalta da tayarta ta asali. Gwajinsa ma kan kwalta yake yi, mota fayau ba kaya.

Na rasa yadda zan gaya wa Lawali ya gane, sai na juya wurin tsohuwa. "Inna, in kin ɗauko tulu daga rijiya za ki hau tudu, dogon taku kike yi ko gajere?"

"Wace mahaukaciya ce ke dogon taku da tulu a kai? Ƙanana-ƙanana, ba tsayawa."

"To ka ji. Babbar taya dogon taku ce. Ka ƙara wa motar tsawon ƙafa, ka ɗora mata mu da buhuna, ka kawo ta tudu. Ta ɗan samu gudu sai ta shiga babbar giya, ta ji nauyi ya fi ƙarfinta ta koma ƙarama, ta samu gudu ta sake hawa. Haka za ta yi ta yi har man ya tafasa. Ka ja sandan nan zuwa 2 tun kafin mu fara hawa, ka bar shi nan har ƙoli."

Lawali ya kama haɓa. "A'a. Wanda ya sayar mini da ita a Kano sai da ya ja mini kunne. Ya ce in na sa a D in ɗauke hannuna, ita ke da hankalin kanta, taɓe-taɓe ke kashe otomatik."

"To 2 da L ɗin da aka rubuta a jiki fa? Ado ne?"

"Ke da ko keke ba ki taɓa tuƙawa ba?"

"Kai da ka tuƙa, sau nawa ka ƙona ta?"

Matan suka sa dariya, har da mai hawaye a ido. Ya ce shi dai ba zai saɓa maganar mai mota ba saboda maganar mai tuƙa tuwo. Na ɗauki mayafina na gyara, na ce to ni da ƙafa zan ƙarasa, ba zan zauna ina jin aikina na ƙonewa ƙarƙashina ba. Inna Gambo ta miƙa hannu a tashe ta. "Mu je, ƴar nan. Dama raƙumin nan bai yi mini ba." Ɗaya bayan ɗaya sauran suka miƙe suna karkaɗe zane. Lawali ya dube mu, mata tara za su shiga gidan makoki da ƙafa, shi yana biye da mota wayam, a gaban dangin uwarsa.

"Ku hau don Allah. In ta fashe, ke za ki goya ta zuwa Matameye."

Tudun gaba ya fi na farko tsayi da zurfin yashi. Kafin mu kama shi na taɓa kafaɗar kujerarsa, ya ja sandan yana salati. Inji ya ɗauki murya ɗaya, mai ɗan ƙarfi, bai sauka ba bai hau ba. Carbi na hannuna, yatsana kan ƙwaya, ina jiran bugu. Muka wuce rabi. Muka kai ƙoli. Ƙwaya ko ɗaya ban tura ba. Na sa ya tsaya ya sake ɗigo mini man, na shinshina, bai ƙara komai kan na ɗazu ba. Na ce alhamdulillahi, na koma addu'ata daga inda na tsaya. Lawali ya ja mota muka ƙarasa ƙauye. A dawowa, tun ban taɓa kujera ba hannunsa ya kai kan sandan.

Da na dawo gida na ajiye wa Malam abinci, sannan na shimfiɗa hankicin a gabansa na ba shi labari daga farko. Ya shinshina, ya tambayi tudun, ya tambayi lambar taya. Washegari da safe ya sa aka loda wa motar buhunan yashi, shi da Lawali suka nufi tudun. Sun hau a D, sun hau a 2, sun sake. Da azahar ya dawo ya zauna bakin ƙofata yana cire takalmi, ya ce, "Rani bakwai na yi a Kano, ban taɓa hawa tudun yashi da mota ba." Ya aika aka duba sauran motocin biyu da suka ƙone. Dukansu manyan tayoyi.

Tun daga ranar aikinmu ya canja, kuma wannan ne nake son ku samarin fada ku riƙe. Ba a karɓar buwat a garejinmu sai an dubi ƙafar motar. Ba a sallamar mota sai an loda mata kaya an kai ta tudu. Mai son babbar taya, don gaskiya tana taimako a yashi, Malam na ɗaura masa ƙaramin radiyato na man buwat a gaba inda iska ke bugu, sannan ya zaunar da shi ya koya masa sandan. A dogon tudu mai yashi, 2. In yashin ya yi zurfi ƙwarai, a tsaya cak, a sa a N, a ja ƙaramin sandan da ke gefe, mai ƙara wa ƙafafun huɗu ƙarfi, kafin a shiga, ba sai an kafe ba. A hanyar burji da kaya, in ka ji tana kai da komo tsakanin manyan giyoyi, a danna ɗan maɓallin da ke hana ta shiga ta ƙarshe. Allurar gudu ma ƙarya take yi maka da babbar taya, kana tafiya fiye da abin da take nunawa. Wanda ke da hali ana iya canja masa haƙoran ƙarfen da ke juya ƙafa su dace da tayar, daga Kano ake kawo su, ba kowa ke kai wa ba. Ɗaya daga cikin masu motocin nan biyu ya ce shi ba zai iya wannan lissafin ba, ya koma tayarsa ta asali, ya zauna lafiya. Otomatik tana da hankali, amma ba ta da ido. Ba ta ganin tudun da ke gaba, kai ke gani.

Sai dai sanin dalili ba shi ne tabbaci ba, jaka na nan rataye. Malam ya canja wa Lawali mai, ya ce duk ranar kasuwa ya tsaya a ɗiga man a farin tsumma a shigo da shi ciki. Mako na farko, ja. Na huɗu, ja. Wata biyu suka cika, lokacin da ta saba mutuwa, ja. Damina ta sauka, hanyoyi suka ɓaci, tsumma na shigowa ina kai shi hanci, babu komai sai warin mai. Lawali kan ɗaga murya daga zaure, "A gaya wa mai tuƙa tuwo, ya ƙone ko da saura?" In aika masa cewa bakinsa ne kaɗai ya ƙone. Motoci suka fara tsayawa a rumfa maimakon gaisuwa ta taga. Bayan girbi Yaya Habu ya zo da kansa da buwat ɗin motar surukinsa a amalanke. Malam ya fara shimfiɗa buhu a rumfa, Yaya ya ce, "A nan cikin yashi? Kai ta ciki mana." Bai ƙara komai ba, ni ma ban nema ba.

Ranar kasuwar da ta biyo, Malam ya shigo mini da tsumman Lawali da kansa. Na shinshina na gyaɗa kai. Zai fita ƙofa ta ƙi buɗuwa sosai, jakar ta tokare ta kamar kullum. Ya tsaya ya dube ta, ya shafa sabon hannun da baduku ya ɗinka.

"Wannan abu ya tare hanya. Ba ki da abin da za ki zuba a ciki?"

Ina da shi. Fararen tsummokarana sun daɗe suna neman wurin da yashi ba ya shiga. Na ninke su na cika ta, na ja zif, na tura ta ƙarƙashin gado kusa da kwalin ƙwai. Tana nan har yau, kuma tafiyar da ta fi yi nisa ita ce daga ƙarƙashin gado zuwa bakin tire.